Karan Dawa da Kwamfuta: Koyar da Ilmin Gadon Jini a Figil

Duk matafiyin da ya bi babbar hanyar da ta tashi daga Garwa ta nufi Marwa, idan ya ci kimanin kilomita 90, ba ya bukatar a gaya masa ya iso Figil, gama farar ƙurar da ke kwance bisa ganyayen itatuwa, da dogayen gine-ginen masana'antar siminti ta CIMENCAM wadda ke aiki tun farkon shekarun 1970, da manyan motocin da ke jigilar farin dutse daga wajejen Bidzar, su ne za su riga kowa yi masa maraba. Gari ne na dutse da auduga da dawa a cikin yankin Mayo Luti, inda Gidar da Fulani da Hausawa ke cuɗanya a kasuwa guda, kuma galibin abin da mutanensa suka sani na sana'a, tun daga gasa farar ƙasa har zuwa dashen masakwa bayan ɗaukewar damina, da hannu suka koye shi. To, 'ya'yan waɗannan mutane ne, idan Allah ya kai su azuzuwan ƙarshe na sakandare, wadda a Kamaru ake kira lise, suka kuma zaɓi sashen kimiyya, ake ɗora wa wani fanni na ilmi wanda galibin abubuwan da yake magana a kansu ido ba zai iya ganinsu ba, ko da an sa madubin likita irin na makaranta, sa'an nan a ce su fahimce shi da Faransanci, harshen da ga yawancinsu shi ne na uku ko na huɗu, su kuma amsa tambaya a kansa ran jarrabawar bakaloriya.

Fannin kuwa shi ne binciken rai a matakin zarra, ga kuma taƙaitaccen bayaninsa domin wanda bai taɓa jinsa ba. Jikin kowane mai rai, mutum ne ko saniya ko tsiron dawa, an gina shi da ƙananan ƙwayoyin halitta, a cibiyar ƙwayar kuma akwai wani siririn zare, wanda littattafan Faransanci ke rubuta sunansa ADN, na Ingilishi kuma DNA, wanda in an warware na ƙwaya ɗaya tak ta ɗan Adam aka miƙe shi zai kai wajen mita 2, alhali kaurinsa bai wuce kashi 2 cikin miliyan na milimita ba. A jikin zaren an jera sinadarai iri huɗu, adenin da timin da guwanin da sitosin, waɗanda ake wa alama da A, T, G, C, kuma jerin nan nasu shi ne rubutun da ɗa ke gada, wajen haruffa biliyan 3 daga uwa da irinsu daga uba, a naɗe cikin ƙunshi 46 da ake kira kuromosom. Ƙwayar tana karanta rubutun uku-uku, kowane haruffa uku suna nuni ga ɗaya daga cikin tubala 20 da ake kira amino asid. In an jera tubalan suka zama sarƙa, sarƙar kuma ta nannaɗe ta ɗauki siffar da ta keɓanta da ita, ita ce furotin, furotin kuwa shi ke yin kusan dukkan aikin jiki, daga narkar da tuwo zuwa ɗaukar iska a cikin jini.

Wannan bayani duka yaro mai kaifin ƙwaƙwalwa zai iya haddace shi a dare ɗaya, kuma a nan ne matsalar take. Ni ba na cikin masu raina hadda, domin da ita aka tsare mana ilmi ƙarni bayan ƙarni. Amma malamanmu na zaure, waɗanda suka fi kowa sanin darajarta, ba su taɓa ɗaukar ta a matsayin ƙarshen karatu ba, shi ya sa almajirin da ya haddace babin tsarki a cikin Ahalari sai an ɗauko buta an nuna masa alwala gaɓa-gaɓa, ya yi a gaban malam, a gyara masa, kafin a ce ya sani. A darasin da muke magana a kansa kuwa, abin da aka saba shi ne malami ya zana murɗaɗɗen tsani a allo, aji cike maƙil ya kwafa, kowa ya iya rera cewa A tana haɗuwa da T, G kuma da C. In ka tambayi dalili sai a ce maka haka yake a littafi. Wannan taƙalidi ne, ba tahaƙiƙi ba, kuma yana zubewa mako guda bayan jarrabawa.

Abin da ya kamata malamin Figil ya sani, domin ya daina jin kunyar rashin ɗakin gwaji, shi ne waɗanda suka buɗe ƙofar wannan ilmi su kansu da hannu suka buɗe ta. A 1948 Linus Pauling, babban masanin sinadarai na Amurka, yana kwance da mura a Okusfod, ya zana sarƙar amino asid a kan takarda ya yi ta lanƙwasa ta har ya gano yadda sarƙar furotin ke murɗewa. A Fabrairun 1953, a Kambirij ta Ingila, da maƙeran jami'a suka yi jinkirin kawo wa James Watson da Francis Crick farantan ƙarfen da suka sa a yanko musu, sai Watson ya yanka siffofin haruffan huɗu da kwali, ya yi ta jujjuya su bisa tebur, har a safiyar 28 ga wata ya ga cewa A in ta kama T, tsawonsu da siffarsu daidai suke da na G in ta kama C. Nan take ma'anar abin da Erwin Chargaff ya auna tun wajen 1950 ta bayyana, watau yawan A kullum daidai yake da na T, na G kuma da na C. Sai dai a lura, kwalin bai zama hujja shi kaɗai ba: abokin zamansu Jerry Donohue ne ya faɗakar da Watson cewa siffofin da ya kwafo daga littafi akwai kuskure a cikinsu, kuma hotunan da Rosalind Franklin da ɗalibinta Raymond Gosling suka ɗauka da hasken ekisire a London a 1952, waɗanda aka nuna wa Watson ba da saninta ba, su ne ma'aunin da aka gwada ginin da shi. Pauling, da bai sami irin waɗannan hotuna ba, ya gina nasa samfurin mai igiya uku a farkon 1953, ya kuma yi kuskure duk da girman iliminsa. Bayan shekara biyar, a 1958, John Kendrew ya fito da siffar furotin ta farko da ɗan Adam ya taɓa gani, ita ma da laka irin ta wasan yara aka mulmula ta aka kafa bisa tsinkaye.

Kayan da ake bukata a Figil kuwa suna zube a bayan kowane gida da zarar an yi girbi. Yaron da ya taɓa ƙera motar kara ya riga ya san yadda ake fere ɓawon kara a fitar da totuwa, ya san taushinta da yadda take karɓar ƙaya. Sai a yanka totuwar gida biyu, dogaye da gajeru, domin A da G manya ne a halittarsu, T da C kuma ƙanana. A rina kowane harafi da launinsa, da shuni ko galura ko jar ƙasa, ɗaya a bar shi fari. A kan kowace A a soka ƙayar aduwa biyu, a huda wa T rami biyu. A kan G a soka uku, a huda wa C uku, domin haka adadin ɗaurin da ke tsakaninsu yake a haƙiƙa. Sa'an nan a miƙe waya biyu a kan benci, tazararsu santimita 20, a raba wa yara haruffan a kwando ba tare da an gaya musu ƙa'idar ba, a ce su cika tsakanin wayoyin da matakala. Ba za a daɗe ba wani zai ɗaga kai ya ce, "Malam, wannan ba ta shiga," domin ya haɗa dogo da dogo sun tura wayar waje. Wata kuma ta haɗa gajere da gajere sun kasa taɓa juna. Wani ya haɗa A da C tsawo ya yi daidai, amma ƙaya biyu ga rami uku, abin yana girgiɗi. Malami mai hikima ba zai ce komai ba face, "To, sake gwadawa, ɗana." In an jima su da kansu za su faɗi ƙa'idar da a da suke rerawa ba tare da sanin dalilinta ba.

Daga nan sauran mas'alolin suna biyowa ɗaya bayan ɗaya. In an yi wa kowace waya alamar kai da gindi za a ga igiyoyin biyu kai da ƙafa suke kwance, ɗaya ta nufi gabas ɗaya yamma. In an zo murɗa tsanin, matakala 10 ga kowane zagaye guda, dole a yanke shawarar ta wane gefe za a murɗa, sai a koyi cewa in an tsai da shi, igiyar da ke fuskantar mai kallo daga hagu take hawa zuwa dama. Wannan kuwa abu ne da masu zane a jaridu da talla, har da wasu littattafai, suke yawan juyawa baibai, kuma yaron da ya murɗa waya da hannunsa zai riƙa kama su da kuskuren har tsufansa. Mafi girman faɗakarwa ita ce sa'ad da aka zare ƙayoyin aka raba tsanin biyu, aka ba wannan rukuni ɓari ɗaya, wancan ɓari ɗaya, aka ce kowa ya cika nasa daga kwando: sai ga tsani biyu iri ɗaya sak, kowanne rabinsa tsoho rabinsa sabo. Haka ƙwayar halitta ke kwafar rubutunta kafin ta rabu, kuma haka Meselson da Stahl suka tabbatar da gwaji a 1958. Wanda kuma ya so yara su ga abin da idonsu, sai ya daka albasa da ɗan gishiri da sabulun ruwa, ya tace, ya tsiyaya sanyayyen sifirit na kantin magani a hankali a bisa ruwan. Farin abu mai yauƙi da zai taso shi ne zaren, dubun dubatarsa a cukurkuɗe.

Akwai kuma lissafin da ya kamata a yi a allo kafin a tashi. In tazarar matakala a samfurin nan santimita 3.4 ce, daidai da faɗinsa na santimita 20, to an ninka girman abin sau miliyan 100 ke nan, kuma da za a gina haruffa biliyan 3 na gado ɗaya a bisa wannan ma'auni, tsanin zai zarce kilomita 100,000, watau ya kewaye duniya sau biyu da rabi.

To, da wane misali za a karanta rubutun? A ganina babu wanda ya kai amosanin jini, wato sikila, domin da wuya a sami ɗalibin da bai san gidan da ake kwana ana jinyar yaro mai ciwon ƙashi ba, musamman in sanyin hunturu ya kankama, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a Kamaru da Nijeriya da Gana mutum 20 zuwa 30 cikin 100 suna ɗauke da rabin gadon cutar. Furotin da ke ɗaukar iska a jini, himogulobin, sarƙoƙi huɗu ne, biyu daga cikinsu kowace tana da tubala 146, rubutunsu kuma yana kan kuromosom na 11. A gurbi na shida mai lafiya yana da GAG, mai sikila kuwa GTG. Harafi ɗaya ya sauya cikin 438, sai tubalin gulutamik asid, mai son ruwa, ya koma falin, mai gudun ruwa. Pauling da abokan aikinsa suka fara nuna a 1949 cewa cutar a jikin furotin take, Vernon Ingram kuma ya gano ainihin tubalin a 1956 da 1957. Sai a ba yara tsakiya a zare, kowane launi tubali guda, su karanta CCT GAG GAG su jera, a sauya musu harafi ɗaya su sake jerawa, su ga tsakiya ɗaya ce ta canza. In an mai da GAG ɗin ta koma AAG kuma, sai a sami nau'in himogulobin da ake kira C, wanda ya fi yawa a Burkina Faso da arewacin Gana.

Darasin da na fi so duka shi ne na ƙwarya biyu. A zuba farin wake da ja daidai wa daida a kowace, farin a matsayin lafiyayyen gado (A), jan kuma a matsayin gadon sikila (S), ƙwarya ɗaya uba mai AS ɗaya uwa mai AS, wato masu ɗauke da rabin gadon cutar, yaro ya rufe ido ya ɗauki ƙwaya ɗaya daga kowace ƙwarya, a rubuta, a mayar, har sau huɗu, a ce gida ɗaya ke nan mai 'ya'ya huɗu. In benci-benci suka kawo nasu sakamakon za a ga wani gida babu SS, wato mai sikila, ko ɗaya, wani yana da biyu, wani har uku. Bisa lissafi, gidajen da za su tsira gaba ɗaya ba su kai kashi ɗaya cikin uku sosai ba, 81 ne cikin 256. Da wannan ake rushe kuskuren da ya yaɗu har a bakin masu boko, cewa wai in an haifi mai sikila ɗaya to ukun da ke biye sun kuɓuta, alhali kowane ciki ƙuri'arsa daban take. Da shi kuma ake ɗauke wa uwa laifin da dangin miji kan ɗora mata, tunda kowa ya ga jan wake daga ƙwarya biyu ya fito.

Amma totuwa da wake suna da iyaka, kuma a iyakar nan kwamfuta take shigowa. Samfurin kara a tsaye yake cik, alhali abin da yake wakilta ba ya hutawa ko daƙiƙa guda, yana karkarwa yana karo da maƙwabtansa cikin cunkoso, har ƙwayar jan jini ɗaya tana ƙunshe da himogulobin wajen miliyan 270. Tsakiya ba za ta nuna dalilin da ya sa tubali guda ke lanƙwasa ƙwayar jini ta koma kamar lauje ba, har ta mutu cikin kwana 10 zuwa 20 maimakon 120. Wannan sai an ga siffar furotin ɗin ta kowane gefe. Taskar siffofin furotin ta duniya, wadda aka kafa a 1971 da siffa 7 kacal, yanzu tana da fiye da 200,000, kyauta ga kowa, kuma da manhaja irin su Jmol ko PyMOL ɗalibi zai iya juya himogulobin da yatsa, ya haska falin na gurbi na shida, ya ga yadda yake cusa kai cikin wani ɗan lungu a jikin maƙwabcinsa idan iska ta yi ƙaranci, wannan ya kama wancan har su zama dogayen sanduna da ke tokare ƙwayar daga ciki. Makarantun Faransa sun daɗe suna amfani da manhajar Anagène wajen jera rubutun mai lafiya da na mai sikila a nemo inda suka saɓa, kuma shirin PhET, wanda Carl Wieman ya assasa a Jami'ar Kolorado a 2002, yana da kwaikwayon yadda ake karanta rubutun gado a ƙera furotin, ana kuma iya sauke shi sau ɗaya a yi ta aiki da shi ba intanet. Haka nan ƙuri'ar waken da aji ya yi awa guda yana yi, kwamfuta za ta yi dubu goma kafin ƙiftawar ido, ta bi zuriya bayan zuriya, a sa zazzaɓin cizon sauro a cikin lissafin a cire, a ga dalilin da ya sa gadon sikila bai ƙare ba a ƙasashenmu: mai AS ya fi mai AA tsira daga mummunan zazzaɓi, kamar yadda Anthony Allison ya nuna a Gabashin Afirka a 1954.

Duk da haka ina jin tsoron kwamfuta fiye da yadda nake tsoron kara, saboda ƙaryar kara a fili take, ba yaron da zai zaci akwai ƙayar aduwa a cikin jininsa, ƙaryar kwamfuta kuwa kyakkyawa ce mai shiga rai. Launukan da take sa wa zarra na masu zane ne. Fili mai faɗi da take nunawa a cikin ƙwaya babu shi. Mafi muni, takan nuna kowane tubali yana tahowa kai tsaye zuwa gurbinsa kamar an aike shi, alhali a haƙiƙa karo ne na kan mai uwa da wabi, har mai dacewa ya dace. Ga kuma halin da ake ciki: wutar arewacin Kamaru ta daɗe tana dogara da madatsar Lagdo, in ruwa ya ja baya da rani sai a shiga rabon wuta, ko da yake tashar hasken rana ta Gider ta ɗan rage nauyin, kuma inda kwamfuta ɗaya ce ga aji guda, malami ne ke danne-danne, yara suna kallo kamar majigi, an koma taƙalidin da aka gudo daga gare shi, sai dai wannan karon mai launi. Saboda haka tertibin da nake gani daidai shi ne hannu tukuna, sa'an nan na'ura, ko da wayar malam ce tana zagaya benci. Kafin a danna komai kuma a sa kowane rukuni ya rubuta abin da yake zaton zai faru, bayan an gama a tambaye su wuri uku da samfurin ya saɓa wa gaskiya.

Kada a ce wannan ilmi ya yi wa ɗan Figil nisa. A Garwa akwai reshen Cibiyar Pasteur ta Kamaru tun 1985, akwai jami'ar da aka kafa a 2022 da tsangayarta ta likitanci, kuma Farfesa Ambroise Wonkam, wanda ya yi karatun likita a Yawunde ya kuma shahara a binciken sikila har ya shugabanci sashen ilmin gado a Jami'ar Johns Hopkins, ɗan ƙasar nan ne. A ƙetaren iyaka, Jihar Kano ta kafa dokar gwajin jini kafin aure a 2024, kuma ɗaliban nan su ne gobe iyaye za su miƙa wa takardar asibiti su ce, karanta mana. Malamanmu sun riga sun yi bayani cewa riƙo da sababi ba ya kore tawakkali. Sai dai wajibi ne malami ya kiyaye amana: kada ya tambayi yaro nau'in jininsa a gaban aji, kada ya yi misali da gidan kowa, domin a ƙaramin gari magana ɗaya tana iya hana yarinya miji. Nauyin kuma yana komawa ga Babbar Makarantar Horon Malamai ta Marwa, wadda ke yaye malaman sakandare tun bayan kafa jami'ar garin a 2008, domin malamin da aka koya wa da alli kaɗai da alli zai koyar. In kuwa an sa shi ya fere totuwa ya soka ƙaya tun yana ɗalibi, to ran da aka tura shi Figil ko Gider ko Mayo Ulo, abin da zai nema wajen shugaban makaranta bai wuce waya ƙulli biyu da galura ta 'yan daloli ba, karan kuwa yara za su zo da shi daga gida.